Rimot Cikin Ledar Burodi

Kafanchan, 4 ga Nuwamba

'Yata Yemima,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya jego, yaya ƙarfin jiki? Yaya mijinki Jason da ɗan baƙon namu? Mu nan lafiya lau, sai haƙar citta da ta sa babanki a gaba. Na rubuta a takarda kamar kullum, Afiniki maƙwabciyarmu za ta ɗauki hotonta ta tura miki, don ni da rubutu a kan gilashin waya ba ma shiri.

Ɗan akwatin da kika aiko daga Kanada ya iso. Malam Badruddeen mai gyaran talabijin na bakin tashar jirgi ya zo ya haɗa shi da talabijin ɗinmu, ya nuna mana inda za mu kalli sujadar cocinku kai tsaye ranar sha bakwai ga wata, ranar miƙa jariri. Tun da kin ƙi faɗa mana sunan yaron, kin ce sai mun ji daga bakin fasto, babanki ƙirga kwanaki yake yi. Jiya na same shi yana duba bayan Littafi Mai Tsarki, inda yake rubuta sunayen jikoki. Bakwai ne, ba takwaransa ko ɗaya. Ya yi dariya ya ce ai ba mai imanin da zai ɗora wa jariri kaya mai nauyi irin sunansa, Bartholomew, amma na san dariyar ba ta kai ciki ba.

To amma Yemima, wane ne ya ƙera wannan rimot da ya zo da akwatin, kuma me muka yi masa? Abu siriri, sumul, ba lamba ko ɗaya, ba a sanin kai da gindi. Wai shafa shi ake yi. In na shafa a hankali ya yi kamar bai ji ba, in na ƙara ƙarfi ya tsallake hoto biyar. Ɗaukarsa kawai za ka yi daga tebur, sai abin da kake kallo ya koma baya. Neman sunan cocinku ya ci mana rabin awa, don harufan a layi ɗaya suke, kana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai kamun kaza. Babanki kuwa yatsunsa sun yi kanta da fartanya, abin ko kula shi ba ya yi.

Kin kuma san halinsa. Tun talabijin ɗinmu na farko, shekarar da aka haife ki, ba rimot ɗin da ya kwana a gidan nan ba a naɗe shi da leda ba. Badruddeen ya ce wannan fatar hannu yake so, kada a rufe. Babanki ya ce shekara ashirin yana hedimasta, ya san yadda ake adana kaya, kuma ƙurar citta ba ta san tsada ba. Ya samo ledar burodi ya ninka biyu, ya bi da salatef. Hali zanen dutse. Muna ta gwaji kullum dai, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki shafa mini kan yaron. Allah ya tsare ku.

Mamanki,
Damaris

Kafanchan, 18 ga Nuwamba

'Yata Yemima,

Gaisuwa cikin alherin Ubangiji. Yaya gajiyar hidimar jiya? Ina fata kin samu kin huta. Mu jiki lafiya, zuciya ce dai ba daɗi.

Na san kin yi ta kiran wayar babanki. Shi ya kashe ta, ya sa na kashe tawa. Bari ki ji dalili.

Na gayyaci matan Zumunta na cocinmu goma sha huɗu. Na dafa gwaten acca, na dama kunun gyaɗa, muka tayar da janareta don kada a ɗauke wuta a ba mu kunya. Ƙarfe uku da rabi, bayan an sha fama, cocinku ya fito tar. Na ajiye rimot a tsakiyar tebur, na gargaɗi kowa, har da babanki, cewa ko inuwarsa kada a taɓa. Muka gan ki da farin leshin da na aika miki, mata suna ta guɗa. Da ƙarar janareta da surutun mata, lokacin da fasto ya karɓi yaron sai muryarsa ta yi ƙasa. Babanki ya miƙa hannu zai ƙara sauti.

A juye ya ɗauke shi, don a cikin leda ma ba a ganin komai. Babban yatsansa ya goga saman, abin da kwana goma sha huɗu bai taɓa jin hannunsa ba, jiya ya ji. Hoton ya koma waƙar buɗe sujada. Ya shafa gaba, ya ƙi. Ya danna da ƙarfi, sai cocin ya ɓace gaba ɗaya, ga wani Bature yana koyar da yadda ake yi wa kare aski. Wata ta ce a hura masa iska, wata ta ce a buga shi a tafin hannu kamar na da, wata ta ce a canza batir, alhali ko ƙofar batir ba shi da ita. Rimot ya zaga hannu takwas. Kafin Afiniki ta lalubo cocin, ana addu'ar rufewa.

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma kunyata ba komai ba ce a kan abin da na gani a fuskar babanki. Ya fita bayan gida da rigarsa ta Lahadi, ya yi ta juya cittar da ke shanya, wadda ba ta bukatar juyi. Abincin ma bai ci ba. Ya ce kada kowa ya faɗa masa sunan a waya, don an yi masa alkawarin zai ji daga gaban bagade, kuma shi da hannunsa ya ɓata.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji haushinki kaɗan. Kin sayo abin da ya dace da hannunki, kin manta da namu. Wanda ya ƙera shi kuwa, na yafe masa don Ubangiji ya umarta, ba don ya cancanta ba. In akwai yadda za a yi, ki faɗa wa Afiniki, amma ban da sunan.

Mamanki,
Damaris

Kafanchan, 22 ga Nuwamba

'Yata Yemima,

Salama da alheri su tabbata a gare ku. Yaya ku duka, yaya sanyi? Mu nan sai godiya.

Afiniki ta kawo saƙonki cewa sujadar tana nan ajiye, a duba wajen awa ɗaya da minti goma sha biyu. Babanki ya ji. Washegari da safe na gan shi ya ɗauko reza, ya zauna ya yanke ledar burodin nan da kansa. Shekara talatin da huɗu ban taɓa ganin rimot tsirara a gidan nan ba. Ban ce ai an faɗa maka ba, ko da yake maganar ta zo mini har baki. Ya wanke hannu da sabulu, ya gwada yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya tarar ɗan ƙaramin ne kaɗai ba shi da kanta. Da shi ya yi ta jan layin lokacin da ke ƙasan hoton, yana wucewa yana dawowa, sau shida, ni kuwa ina tsaye a bayansa haushi na cina.

Sai ga fasto ya ɗaga yaron, ya kira sunan sarai: Bartholomew.

Yatsan babanki ya zame, ya taɓa gefen hagu, hoton ya koma baya kaɗan, irin komawar nan da ta hana mu sakat tun zuwan abin. Fasto ya sake ɗaga yaron, ya sake kiran sunan. Babanki ya dubi rimot, ya sake taɓa wurin, wannan karon da gangan. Na shiga kicin na bar shi, don bai so in ga idonsa.

Ya rubuta na takwas a bayan Littafi, rubutun ya karkace. Ya ce in gaya muku ya gode, zai kira ku ran Lahadi in muryarsa ta daidaita.

Duk da haka, ki aiko mana mai maɓallai na gaske, wanda ake dannawa ya ce ƙas. Ra'ayina a kan wannan bai canza ba, mugun abu ne. Kwana biyu ke nan ban ga labarai ba, don abu ɗaya tak babanki ya iya da shi, kuma ya ƙi bari a canza tashar, wai kada ta ɓace. Yanzu haka da nake rubutu ina jin fastonku daga falo yana kiran sunan, karo na goma sha ɗaya tun safe. Ban hana shi ba.

Ki gai da Jason, ki sumbaci mini ƙaramin maigidana. Ubangiji ya raya shi.

Mamanki mai ƙaunarki,
Damaris