Yadda Tsintsiyar Sito Ta Gauraya Mini Iri

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Manoman Rani ta yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, kai da sauran 'yan kwamiti.

Ranka ya daɗe, ni manomin shinkafa ne a gefen babban kanal tsakanin Kura da Bunkure, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki bulo a ka lokacin ginin siton ƙungiya. Sau biyu na zo ofis da wannan magana aka ce ka shiga Kano. Na ari wayar salula na kira sakatare, ya ce zai isar, har yau shiru. Shi ya sa na rubuto a fili, tunda ba ni kaɗai abin ya shafa ba.

Na ɗaya, abin da na kai ajiya. Shekara goma sha ɗaya ina zaɓen irin shinkafata da hannu. Kafin yanka nakan bi gona in tsinke zangarniyar da ta riga nuna, in buge ta daban, har na sami iri mai nuna lokaci guda, da wuri, kafin tsuntsu ya yi yawa. Bayan girbin bara waccan ɓera ya dame ni a gida, sai na kai buhu huɗu sito. Da kaina na ɗinke bakinsu, na rubuta sunana da kalmar iri da jan fenti.

Na biyu, yadda ake aiki a siton. 'Yan dako da ƙugiyar ƙarfe suke ɗaga kaya, buhunan kuwa na taki ne da aka wanke, sara ɗaya ya isa ya huda su. Jibge su ake yi a kan siminti, na kowa a kan na kowa, duk wanda ya zo ɗaukar na ƙasa sai an rushe na sama an sake caka musu ƙugiya. Shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ba ta daina tsiyaya. Mai sito, Malam Sale, mutum ne da ba a taɓa kama shi da ƙwayar wani ba. Kullum kafin ya rufe yakan share ƙasa, ya sheƙe abin da ya tara, ya bi buhunan da suka rame ya cika su ya ɗinke, don kada wani ya ce an rage masa. Mai shinkafar ci ba shi da abin cewa sai godiya. Ni ma da na ga buhunana a cike tam, godiyar na yi masa.

Na uku, abin da na gani a gona. Daminar bara na zuba irin, na yi dashe a eka biyu. Da ta fara fitar da kai sai gonar ta zama kamar askin da aka yi da dusasshiyar aska: nan ta yi ja, nan kore shar, can ko ciki ba ta ɗauka ba. In na yanke, rabi ɗanye ne. In na jira, wadda ta nuna tana kakkaɓewa, tsuntsun nan jan-baki yana ɗibar rabonsa. Na jira kusan mako uku, abin da na samu masu injin casa suka ce karyewa yake. Asarar damina ɗaya ba ita ta sa na rubuto ba, duk manomi ya saba da ita. Irin ne ya ci mini rai, domin shinkafar da ta gauraye a buhu ba ido ne zai tsince ta ba.

Na tuntuɓi Malam Sale, ya ce ba wanda ya taɓa gaya masa a ware iri, kuma gaskiya ya faɗa. Makulli da sikeli da tsintsiya aka damƙa masa ranar da aka buɗe siton, aka watse. Maƙwabtana biyu sun ga irin abin da na gani a gonakinsu, su har yanzu cewa suke yi irinsu ne ya gaji.

Ga abin da nake roƙo. A ware kusurwa ɗaya ta iri kaɗai, a shimfiɗa katako a ƙasa, a jera na kowa daban yadda za a ɗauka ba sai an rushe na wani ba. A hana ƙugiya a wannan kusurwa. Hannu da baro sun isa. Shara a riƙa tara ta a buhu na daban, a bai wa masu kaji, kada ta koma buhun kowa. Buhun da ya yage a sa masa basilla, a daina jefa shi kanal yana toshe wa na ƙasa ruwa. Sannan don Allah kada a taɓa aikin Malam Sale saboda wannan takarda. Bayani yake buƙata, kuma kwamiti ne ya kamata ya yi masa tun farko.

Yayata da ke aure a Bunkure na taɓa ba ta irin nan, ta dawo mini da tiya bakwai, shi ne duk abin da ya rage mai tsabta. Bana zan dasa shi a gefe guda, in Allah ya yarda da kaka zai zama buhu biyu ko uku. Ina so kafin lokacin in san inda zan ajiye su. Na haura sittin, idona ba ya rarrabe zangarniya kamar da, in wannan ma ya gauraye ba zan iya sake farawa ba.

Allah ya taya ka riƙo, ya ƙara maka lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka,
Isyaku Garba,
manomi, yankin Kura.