Baba Ya Riga Ya Sallama

Makoda, ranar Talata

Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya Fatakwal, ya aikin dako? Ya ciwon bayan nan, ko har yanzu kana ɓoye mini shi? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya hana kowa sakat. Iyayenka, Baba da Inna, suna gaishe ka, Ummi kuma ta ce a gaya maka haƙorinta ya fita. Tunda ka jefa wayarka a ruwa ka mayar da ni marubuciya, to ga shi, Ikrima direba zai kawo maka.

Na sa san nan nawa a gwanjo ta waya. Kada ka ɓata fuska tukuna. Ka san in aka kai shi kara, dillalai za su yi ta juya mu har mu sayar a wulaƙance, ni kuwa ban yi ta yankan harawa da jiƙa dusa don wani ya ci banza ba. A manhajar nan hoto da bidiyo ake sawa, mutane su yi ta tayawa har lokaci ya cika, wanda ya fi kowa shi ke da sa. Mai saye ba ni zai ba kuɗi ba, masu manhajar zai ba, su riƙe. Sai na ga alama ta koma kore sannan in saki dabba, su cire la'adarsu su turo mini saura. Sun yi gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa kada a yi ciniki a bayan fage, kada kuma a yarda da saƙon banki da wani ya nuna a wayarsa.

Tun da na sa shi ban zauna ba. Ina tuƙa tuwo ina leƙa waya, jiya har miya ta kama. Wani Alhaji Mudassir ne a gaba, kuma abin da ya taya zai sayi injin ban ruwa har da bututu. Ka ji dalilin rawar jikina. In aka samu injin nan ka dawo gida ke nan, ka yi noman rani a fadamarku, in daina kallon hanya duk ranar da motar Ikrima ta shigo.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Alhajin ya kira ni yana cewa me ya sa za mu ba baƙi la'ada muna Musulmi 'yan'uwan juna, ya zo gida kawai a ƙare. Na ce masa a'a. Ya yi dariya ya nemi lambar namijin gidan, ni kuma na ba shi ta Baba, don ka san ba zan tsaya a zaure ina ciniki da baƙo ba.

Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Taka,
Aina'u

Makoda, ranar Asabar

Baban Ummi,

Ina gaishe ka, ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu jikinmu lafiya, amma gidan ba daɗi. Ka yi haƙuri da rubutun.

Alhaji Mudassir ya ci gwanjon, jiya Juma'a ya zo da mota. Dattijo ne mai fara'a, ga carbi, ga ƙamshi. Ya bi Baba masallaci, suka dawo tare, Inna ta dama masa fura, ya ci tuwona har ya aiko a yaba. Ina jin su daga tsakar gida. Ya nuna wa Baba saƙo a wayarsa cewa ya tura kuɗi kai tsaye asusuna don ya rage mana asarar la'ada. Baba ya miƙa masa hannu a gaban liman da maƙwabta, ya ce ya sallama, Allah ya sa albarka.

Na duba manhaja, alama tana nan ja. Na duba asusuna, ba ko sisi. Na aika Inna ta raɗa wa Baba, ta dawo ta ce Alhaji ya ce matsalar sabis ce, kafin magariba zai shigo. Na ce to a jira magariba. Ya ce tafiyarsa da nisa.

Baba da kansa ya shigo wajena, abin da bai saba ba. Ya ce mutumin da ya ci abincinmu, ya yi salla kafaɗa da kafaɗa da shi, ba za a tsare shi kamar ɓarawo ba, kuma shi tunda yake bai taɓa sallama abu ya janye ba. Wallahi ban ɗaga kai na kalle shi ba, amma na je na zauna a bakin turke, na riƙe igiyar san nan a cinyata. Ina kuka ina ba shi haƙuri, na ce ko minti ɗaya alamar ta koma kore ni zan ja shi har bakin mota. Ban taɓa musa wa Baba ba sai jiya, kuma da mutane a zaure suna ji.

Sai ya juya ya nufi garkensa, ya kwance ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu, farin nan, ya kai wa baƙon ya ce ga madadi, maganarsa ba za ta faɗi ƙasa ba. Alhaji ko haƙoransa bai duba ba, ya ce ai duk ɗaya ne, aka loda. A nan na gane. Wane mai sayen gaskiya ne zai taya ƙosasshen san turke, a ba shi na noma, ya karɓa yana murmushi?

Magariba ta yi, gari ya waye, ba abin da ya shigo. Lambar Alhajin a kashe take. Baba ya dawo mini da kwanon abincinsa a rufe yadda na kai. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Ka gaya mini, laifi na yi?

Taka,
Aina'u

Makoda, ranar Laraba

Baban Ummi,

Sallama da gaisuwa. Ya jiki, ya haƙuri da mu? Takardarka ta iso, na karanta har ta fara yagewa. Na gode da ka ce ban yi laifi ba, sai dai hakan bai sa na ji sanyi ba.

Na kai ƙara a manhaja. Sun rufe shafin mutumin, sun ce dama akwai masu kuka da shi, amma ba ruwansu da farin san Baba tunda ba a wurinsu aka yi cinikinsa ba. Na so a je wurin 'yan sanda, Baba ya hana, wai so muke a ji har garin Kunci cewa an yi masa wayo. Masu manhajar sun kuma ba ni dama in sallama wa wanda ya zo na biyu, wani mahauci daga Tofa. Shi har ya zuba kuɗinsa, na ga koren nan da na yi ta jira da idona.

Sai ga ruwan farko ya sauka shekaranjiya. Jiya kowa ya fita da shanunsa, Baba kuwa sa ɗaya ba ya jan garma, kuma ya fi ƙarfin ya je aro bayan abin da ya faru. Da na kai abinci gona na same shi da garmar hannu, shi kaɗai, a sunkuye, ya yi 'yan kunyoyi yana haki. Da ya gan ni sai ya miƙe yana gyara hula kamar ba komai. Baban Ummi, tsohon nan ba zai kai kaka a haka ba.

Na dawo gida na ba mahaucin haƙuri, aka mayar masa da kuɗinsa, na cire san daga gwanjo. Yau da sassafe na ja shi na ɗaure a garken Baba kusa da ɗaya san, ban ce wa kowa komai ba. Bai san karkiya ba, ga ƙiba, zai ba su wahala kafin ya koya. Baba ya fito ya gan shi, ya tsaya, sannan ya ce wa Inna a rage masa dusa in dai ana so ya yi aiki. Da rana kwanonsa ya dawo wayam.

Saura kai. Na san ka riga ka gaya wa abokan aikinka bana za ka bar dako, ni ma na gaya wa Ummi. Babu inji bana. Na so in jira shawararka, amma ƙasa ba za ta jira motar Ikrima ba. Ka yafe mini, ka ƙara haƙuri da bayan nan naka har wata shekara. Ita Ummi ban san ta inda zan fara mata ba, tun safe take share ɗakinka.

Allah ya tsare mini kai.

Matarka,
Aina'u