Tazarar Idanunki

Lahadi, mako na shida

Uwargida,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ɗinki? Ya tarin Auta?

Ni lafiya lau, sai kewa. Ɗakin da na kama taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance, na auna. A shagon tabarau kuwa yaran da muke koyon aiki tare Baba suke ce mini. Jiya ɗaya ya ce, "Baba, kawo in riƙe maka, kada hannun ya yi rawa." Na yi dariya, amma na rubuta a littafina: mai shekara arba'in da biyu, wanda ya yi sha takwas a masaƙa kafin a rufe ta, anya zai koyi yanka gilashi?

Alawus ɗin da ake ba mu na koyon aiki ba ya da auki. Na raba shi ambulan uku: haya, ci, da na ukun da ba zan faɗa miki ba tukuna. Na daina hawa bas, tafiyar minti hamsin ce kawai. Girki sau ɗaya, ci sau biyu. Kada ki damu, wake bai taɓa kashe kowa ba.

Har yanzu babbar yarinya ce ke zura miki zare a allura?

Naki,
Malam Ƙididdiga, kamar yadda kike tsokanata

Asabar, mako na sha biyu

Uwargida,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Allah ya sa wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Yau dole in tona kaina. Takardar gwajin idonki ta asibiti, wadda kika ce ta ɓata don kada in ga tsadar abin, ba ta ɓata ba. A ƙarƙashin akwatin keken ɗinkinki na same ta, na taho da ita. Ambulan na uku na tabaranki ne. Na so in yi shi da hannuna, ya zama aikina na farko.

Shekaranjiya kuɗin suka cika. Na sayi gilashi biyu da firam mai ruwan ƙasa. Sai dai akwai awon da babu a takardar: tazarar da ke tsakanin ƙwayar ido da ƙwayar ido. Idan an kuskure shi, tabarau sai ya sa jiri da ciwon kai. Na rufe ido na kawo fuskarki, na ce milimita sittin da shida, na ɗora na dama a inji na yanka.

Maigidan shagon ya tsaya a kaina. "Wa ya auna ta?"

Na ce ai matata ce, na san fuskarta.

"To, sannu masoyi! Shekara nawa da aure?"

Na ce sha tara.

"Ka taɓa ɗora mata rula a hanci?"

Yaran nan har da riƙe ciki. Ya kashe injin kafin in taɓa na hagu. Ya ce gilashin da aka yanka ba ya komawa, kuma ba zai bari awon soyayya ya fita daga shagonsa ba.

Kuɗin da na tara da tafiyar ƙasa ta mako uku ke nan na zubar. Na ji kunya ƙwarai. Ashe ban san ki yadda nake zato ba.

Don Allah ki sa yarinya ta auna da tef ɗinki. Ki kalli nesa, kada ki yi dariya.

Mijinki mai gaggawa

Laraba, mako na sha biyar

Uwargida,

Gaisuwa da godiya. Saƙonki ya iso, na karanta sau huɗu.

Ashe tun ranar da na tafi kin san takardar na hannuna, kika yi shiru! Kin ce ba ki yarda da lissafin yarinya ba, ke kuma ba ki ganin ƙananan lambobin tef, shi ya sa ta kara ƙyalle a fuskarki ta ɗiga alli daidai kowace ƙwayar ido, kika bi kowane ɗigo da jan zare. Maigida ya shimfiɗa ƙyallen a teburi ya auna: sittin da ɗaya. Ya ce a shekara talatin bai ga awo mai tsabta haka ba, wai ke ya kamata ya ɗauka aiki.

Kuɗin da kika naɗe a ciki kuwa, na bi umarninki, ban sa su a gilashi ba. An yi wa takalmina sabon ƙasa. Yadda kika san ya huje, Allah kaɗai ya sani.

Ambulan na uku ya sake saya mini gilashin dama, na gama tabaran jiya. Maigida ya ɗaga shi a haske, ya juya, ya sake juyawa, ya sa a ɗan akwatinsa ya miƙo mini. Bai ce komai ba. Yaran sun ce haka yabonsa yake.

Ga shi nan direba zai kawo. Ƙyallen kuwa ba zan mayar ba, yana tsakiyar littafina.

Ki fara da allura, ki rubuto mini ko zaren ya shiga. Amma ina gargaɗinki tun yanzu: na ɗan rame, kuma akwai furfurar da kika yi shekara uku ba ki gani. Idan na zo kika gan ni sarai, ki tuna shagonmu ba ya karɓar kayan da aka mayar.

Naki har kullum,
Malam Ƙididdiga