Gangar Abba a Brampton

Zuwa ga yayata, Baji Kausar,

Assalamu alaikum. Ya Lahore, ya yara, ya ƙafar mahaifiyarmu Ammi? Ni lafiya lau, ina nan Brampton a ƙasar Turawa ina tuƙin babbar mota. Bayana na ɗan taɓa ni, amma ba wani abu ba ne.

Ranar Lahadi mutanenmu suka nuna tsohon fim ɗin Punjabin nan da marigayi Abba, mahaifinmu, ya yi wa kiɗa. Jarumar na fitowa daga gonar alkama ganga ta tashi, har tsofaffi suka miƙe rawa. Baji, hannunsa ne, har ɗan jinkirin nan da yakan yi kafin ya saki sanda.

Mehwish, 'yata, ta ja rigata ta ce, "Papa, wa ke wannan kiɗan? Ya iya!"

Surukina na zaune kusa da ni. Kin san har yau danginsu sun ɗauka Abba manomi ne, don da sun san ni ɗan makaɗi ne, da ba su ba ni 'yarsu ba. Surukin nawa ya yi dariya ya ce, "Wani maroƙi ne dai. Irinsu ko suna ba a rubutawa."

Na ce, "Haka ne."

Kada ki gaya wa Ammi. Roƙona ɗaya, ki aiko min sandunan kiɗansa da ke akwatin ƙarfe. Tun ranar Mehwish ke buga kiɗan da cokali a kan tebur, kuma jinkirin nan tana yin sa daidai. Ba wanda ya koya mata.

Allah ya jiƙan Abba, ya yafe min.

Ƙaninki,
Shafqat