Keken da Kuka Raba Gida Biyu

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifiyarku ce nake rubuta wannan da hannuna, hankalina ɗaya, ba zafin ciwo ba ne ke magana. Jiki ne dai ya gaji, tun rasuwar babanku abinci ba ya zama mini. Babana, Ummi, Auta, ku karanta a tare, kada wani ya karanta wa wani ta waya.

Na ɗaya. Kayan sawata da na ɗaki na bar wa Ummi ta raba yadda ta ga ya dace. Babban almakashina da lanƙwasassun allurai kuwa na ba ta su kyauta tun ina raye, don ita ce ta san yadda ake rufe bakin kushin ba a ga zare ba.

Na biyu, maganar keken ɗinki. Saboda ita na ɗauki biro.

Ku biyun maza ba ku san yadda keken nan ya shigo gidanmu ba, kuna ƙanana. Babanku yana haɗa katakon kujera, ni ina ɗinka rigarta da ƙaramin keken gida. Leda ta fi ƙarfinsa, allura sai karyewa, yatsuna duk huji. Sai muka ji wani kamfanin jakunkuna ya rufe, ana sayar da tsofaffin kekunansu. Muka je tare. Suna jere a wani dogon ɗaki, ƙura ta rufe su. Babanku ya nufi wani mai sheƙi, mai sayarwa yana ta zuga shi. Ni na zaro guntun leda da na ƙunso a gefen zane, na ninka shi ya yi kauri, na ce a bar ni in taka. Mai sheƙin ya yi ta tsallake ɗinki. Wani can a lungu, fentinsa duk ya goge wajen da hannu ke dafawa, shi ya ratsa ledar nan kamar yana tafiya kan tabarma. Na kifa kansa na leƙa ciki, na ga wanda ya riƙe shi bai taɓa hana shi mai ba. Babanku ya yi dariya ya ce, “Ke dai ba ki iya zaɓen sabo ba, dubi mijin da kika ɗauko.”

Kansa kawai muka iya ɗauka a lokacin. Teburin babanku ne ya haɗa da hannunsa, ya yanke ramin da kan zai zauna. Injin da muka fara sa masa ya ƙone bayan shekaru, kai Babana ka kawo wani da guminka na farko. Ban manta ba. Kai kuma Auta a kansa ka koyi ɗinki, ƙafarka ba ta kai feda ba muke sa maka bulo. Wannan ma ban manta ba.

Ina cikin takaba, ban fita ba, kuka shiga shago. Babana ya kwance injin ya ce nasa ne. Auta ya ɗauke kan ya ce shi ya iya aiki da shi. Ba wanda ya faɗa mini. Ranar da na fita na buɗe ƙofar shagon, sai tebur na tarar da rami a tsakiya. Na ja kujerata na zauna inda na saba, na sa hannu cikin ramin, ina jin sawun zarton babanku a gefen katako. Ranar na yi kukan da ban yi ba lokacin da aka fita da gawarsa.

Yanzu inji yana ƙarƙashin gado a gidan Babana, ba ya juya komai. Kan keken yana cikin buhu a gidan Auta, ba abin da zai juya shi. Matanku sun daina gaisawa. ’Ya’yanku suna haɗuwa a ƙofar ɗakina suna kallon juna kamar baƙi.

Na uku. Keken nawa ne, ni na zaɓe shi, ni na tsufa a kansa, kuma kun sani. Na ba ku shi ku uku tun yau, a haɗe. Ba a sayarwa, ba a sake kwance shi. Zai zauna a shago. Wanda ya samo aiki ya ɗinka, ya share, ya zuba mai, ya rufe da zanen da nake rufe shi. Babana, ban ƙwace maka injinka ba, roƙonka nake yi.

Na huɗu. Ban yarda a kira makaniki ya mayar da shi ba. Ku biyu za ku yi. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaura injin nan, na ga yadda babanku ya sha fama. Dole ɗaya ya kwanta a ƙasan tebur ya tallabe shi da hannu biyu, ɗaya yana sama yana ɗaure noti, yana tambaya ko bel ya yi tauri ko ya saki. Wanda ke ƙasa ba ya ganin sama, wanda ke sama ba ya ganin ƙasa, sai kun yi wa juna magana. Auta, kai ne ƙarami, kai za ka kwanta. Babana, kada ka ɗaure da fushi, za ka fasa katakon. Ummi, ki tsaya a bakin ƙofa, kada ki bar kowa ya fita sai allura ta hau ta sauka.

Ban tambayi wanda ya fara ba, kada ku zo gaban gadona da wannan bayani. Ba ni da sauran ƙarfin yin shari’a.

Ɗakina bango ɗaya ne da shago. Idan kun yi sauri, zan ji ƙararsa daga inda nake kwance. Idan kuma Allah ya riga ku, to ku yi kafin masu gaisuwa su watse, kada ku ce sai an huta.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ’ya’yan da za su ji tausayinku, ya jiƙan babanku ya haɗa ni da shi cikin rahama. Ku riƙe ’yar’uwarku, ku riƙe juna. Babana, ka kira ƙaninka yau, kada ka jira shi ya kira.

Mahaifiyarku.