Hannun da ke Rage Ƙarfi da Magariba

Briqueterie, Yawunde
3 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Fatiha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke. Innarki tana gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi.

Takardarki ta iso ta hannun direba, kuma raina ya ɓaci. Wai manajan gidan rediyonku ya ce a daina rage ƙarfin na'urar watsa shiri idan rana ta faɗi, don masu talla su ji daɗi, ke kuma kin ce ba da hannunki ba, har ya dakatar da ke. Haba Fatiha! Shekara ashirin da shida ina taka keken ɗinki a unguwar nan, ban taɓa jin wanda aka ce ya ƙara ƙarfi ya ce ragewa zai yi ba. Mu nan sai bayan magariba muke kamo tasharku, ita ma can ƙasa-ƙasa, sai na manna kunne. Ke ce ashe kike shaƙe ta?

Kowa daga nan har unguwar Tsinga ya san 'yar Gwadabe tela injiniya ce a Nijeriya, don ni na gaya musu, wasu sau uku. Kada ki sa in rasa bakin magana. Ki je ki ba mutumin nan haƙuri kafin ya ba wani kujerarki.

Mahaifinki,
Gwadabe

19 ga Mayu

'Yata Fatiha,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gidan da kike.

Na karanta bayaninki sau biyu, na biyun da tabarau. Kin ce da rana muryar tasha ƙasa take bi, ba ta nisa, amma rana na faɗuwa sai sama ta riƙa maido ta ƙasa a wurare masu nisan gaske. Shi ya sa tashoshin da ke zango ɗaya suke rage ƙarfi a kan lokaci, kada babba ta danne ƙarama. Gaskiya da na gama na ce wannan surutun 'yan boko ne.

To ga abin da ya faru. Ran Talata bayan sallar magariba na kunna rediyo a ƙofar shago, sai ga tasharku tangaran, kamar mai labaran yana zaune a kan bencina. Wayyo daɗi! Na kira masu tsire, na kira mai shayi, ina ta cika baki.

Kin tuna Baffa Njidda, tsohon nan makaho da ke zama a gefen shagona? Kullum warhaka yana rungume da 'yar rediyonsa, yana jin wata ƙaramar tasha ta can garinsu, inda ake gaishe-gaishe da Fulatanci ana kiran sunayen ƙauyukansu. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da gida. Ina cikin hayaniyata na waiga na gan shi yana ta murɗa abin kamo tasha, gaba, baya. Duk inda ya tsaya, tallar garin omo ce daga tasharku. Ya miƙo mini rediyon, wai in duba masa ko ta lalace.

Fatiha, na karɓi rediyon nan na duba. Lafiyarta ƙalau. Shekara biyun da kika yi a wurin, ashe hannunki ne yake matsa wa tsohon nan wuri kowace magariba, ba ki ma san da shi ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Na zauna na gaya masa komai, har da takardar da na rubuta miki.

Na janye maganata. Kada ki ba kowa haƙuri.

Mahaifinki,
Gwadabe

2 ga Yuni

'Yata, injiniyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun ji, sun sallame ki, kuma ran Asabar za ki dawo gida. Innarki ta yi kuka, ni ma ban ci tuwon kirki ba ranar, ba zan ɓoye miki ba. Amma wallahi ko ranar da kika karɓo takardar digiri ban yi alfahari irin na yau ba. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji dalilin korarki kafin in auna shi.

Har yanzu Baffa Njidda bai samu tasharsa ba. Jiya ya kawo yadi fari, ya ce in ɗinka masa riga kafin Asabar. Na tambaye shi ko biki gare shi. Ya ce a'a, so yake in riƙe masa sanda in kai shi tashar mota ranar da za ki sauka, don ba a tarbar mutum irinki da tsohuwar riga.

Ki sanar da ni motar da za ki shigo. Mu biyu za ki tarar.

Mahaifinki mai alfahari da ke,
Gwadabe tela