Inna, Na Iso Gida Lafiya

Gazawa, ranar Talata

Zuwa ga ɗana Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da abokan aikinku. Ni ce Laraba, uwar abokinka Ɗanmalam. Ɗan fari ne, ka san ba na faɗin sunansa. Ka yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na tsaya a lakol, makarantar boko. Lubna ƙanwarsa za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka ta waya.

Ran Alhamis gab da magariba ina tankaɗe, sai ga wana Mamman da liman sun yi sallama. Da na ga liman ya zauna a ƙasa bai jira tabarma ba, na gane. Na aje rariya. Suka ce mota ce ta kaɗe shi a Abijan, har an yi masa sutura a can.

Ana cikin addu'a salulata ta yi ƙara. Lubna ƙanwarsa ta duba, ta saki ihu. Saƙon da yake aiko mani kullum ne: “Inna, na iso gida lafiya.” Liman bai iya ƙarasa fatihar ba.

Ɗana, yau kwana biyar, saƙon nan bai fasa ko ɗaya ba. Matan unguwa sun ce aljani ne, wasu sun daina shiga ɗakina. Mamman ya ce ɓarawo ne ya tsinci wayar yake mana ba'a, in cire layin in jefa a rijiya. Ni na kasa. An ce tare kuke aikin ordinatar, wato kwamfuta, kuma ƙasa ɗaya muke, kai ɗan Tibiri ne. Don Allah ka gaya mani, wa ke rubuto mani?

Allah ya yi maka albarka.
Uwarka, Laraba

Abijan, ranar Alhamis

Zuwa ga Inna,

Wa'alaikumus salam. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Rilwanu, ya sa ya huta, ya ba ki juriya.

Inna, ba aljani ba ne, ba ɓarawo ba ne. Da na karanta takardarki sai da na fita daga buro, wurin aikinmu, na zauna a bakin hanya, don na san abin. A gabana ya haɗa shi, shekara biyu ke nan, ni kuma na manta da shi sarai.

Kamfanin bis na birnin nan yana saka bayanan motocinsa a intanet: wace bis ce, tana ina, ƙarfe nawa za ta iso. Akwai wani kundin umarni da wasu suka riga suka rubuta don ɗebo waɗannan bayanai, mu muna ce masa laburare. Kamar ki sayi daddawa ne a kasuwa maimakon ki dafa kalwa da kanki. Rilwanu ya ɗauko shi ya ƙara layi kaɗan. Kullum da yamma na'ura takan tambaya ina bis mai lamba ashirin da biyu take. Da ta tsaya a bakin unguwarsu, sai saƙo ya tafi wurinki. Ba a wayarsa abin yake ba, a wata na'ura ce da ba a kashewa. Ta san bis ta iso. Ba ta san wanda ke ciki ba.

Ba raini ya sa ya yi haka ba. Aiki kan riƙe shi ya manta. Na yi masa tsiya, na ce, “Kai, malalaci, uwarka ma sai an yi maka ƙwadagon gaishe ta?” Ya ce, “Ba ka san Inna ba. Ko hankalinta ya tashi ba za ta kira ni ba, kunyar ɗan fari. Sai dai ta ƙi cin tuwo.”

Tun ranar Asabar ɗin da abin ya faru, duk saƙon da kika samu na bis ne. Ina iya tsayar da shi yau, amma ba zan taɓa ba sai kin ce.

Ki gaishe da Kawu Mamman da Lubna.
Ɗanki, Zaharaddini

Gazawa, ranar Lahadi

Ɗana Zaharaddini,

Ina gaishe ka. Na gode. Na karanta sau uku. Wato shekara biyu mota ce ke gaishe ni. Ban yi fushi ba. Gaskiya ya faɗa, da ban ci tuwon ba.

Amma wani abu ya tsaya mani. Ka ce Asabar. Mu an gaya mana Alhamis. Na ƙirga da yatsu, in Asabar ɗin da ta gabaci Alhamis ce, to Juma'ar da ba a ji muryarsa ba fa? Duk Juma'a yakan kira Lubna bayan masallaci, ta miƙo mani in ce lafiya lau in mayar mata. Ran nan bai kira ba. Gabana ya faɗi tun azahar. Lubna ta kira, waya kashe. Ta ce, “Inna, a nemi wani a can.” Na ce mata ke kika haife shi? Na zauna ina jira. Da magariba saƙo ya shigo, na ce kin gani, aiki ne.

Wace Asabar ce? Kuma nan take ya cika? Mamman in na tambaye shi sai ya tashi ya ce zai duba awaki. Kar ka ɓoye mani, ni ba yarinya ba ce.

Uwarka, Laraba

Abijan, ranar Talata

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Kawu ya roƙe ni kada in faɗa. Na zaɓi in saɓa masa.

Asabar ta baya ce, kwana goma sha biyu kafin a zo maki. Ya ɗauki hutun sati biyu, zai zo gida ba tare da ya sanar ba. Ya hau moto, wato babur, zuwa tasha don ya yanki tikiti, mota ta kaɗe shi a hanya, babu takardunsa a jikinsa, wayar kuma ta farfashe. Mu a buro mun ɗauka yana Gazawa. Ku kuma bis tana gaya maku yana nan.

Bai cika nan take ba. Kwana biyar ya yi a asibiti, ba suna a kan gadonsa. Ran Alhamis ya rasu. Sai da aka kira shugaban ’yan Nijar na unguwa ya duba gawar da ba ta da mai ita, sannan aka gane shi.

Inna, daga buronmu zuwa asibitin nan tafiyar minti ashirin ce. Na wuce ƙofarsa sau goma sha biyu a kwanakin nan.

An ce mani akwai wata dattijuwa mai shara da take jiƙa masa leɓe da ruwa. A kwana na huɗu ya farka ya yi mata magana mai tsawo. Ba ta jin Hausa, ba wanda ke ji a ɗakin. Ban iya zuwa na neme ta ba.

Ki yafe mani.
Zaharaddini

Gazawa, ranar Alhamis

Ɗana,

Ina gaishe ka. Ba ka yi mani komai ba. Da na buɗe baki ran Juma'ar nan ma, ya riga ya tafi. Amma da abin nan ya yi shiru ran Asabar, da Lahadi kana kansa.

Ka kashe saƙon yau, kafin magariba.

Ka je wurin matar nan. Ka ce uwarsa ta gode. Ka zauna da ita ta maimaita abin da kunnenta ya riƙe, ko da ba ta san ma'anarsa ba, ka rubuto mani yadda ta faɗa. Ko kalma ɗaya ce. Har yau ba wanda ya tambaye ta.

Allah ya kiyaye ka.
Laraba, uwar Rilwanu